Takabar da Ta Raba Ni da Ludayi

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da abinci a bakin titin Wudil, gab da gada, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa yarda akwai macen da ta iya girki a ƙasar Kano ba in ba ni ba. Mata shida gare ni a madafa. Aikinsu su daka, su hura wuta, su tuƙa, nawa kuma in zo da ludayi in ce sun ɓata. Na sha sawa a sauke miyar kuka a kaɗa wata saboda gudaji biyu, direbobi na zaune a benci suna hamma, wanda ya gaji ya tashi ya kama gabansa. A lokacin cewa nake ina tsare mutuncin sana'a. Girman kai ne kawai da baƙar jaraba.

Babbarsu wata dattijuwa ce 'yar Dagumawa, kowa Inna yake ce mata, har ni. Da ita na buɗe wurin tun muna da tukunya biyu. Ta yi girkin biki tun ina wasan 'yar tsana, amma a gaban sauran nake karɓe muciya daga hannunta in nuna mata yadda ake tuƙa tuwo. Ba ta tankawa. Ni kuwa da wautata na ɗauka shirun nan yarda ce.

Sai maigidana ya rasu bayan ciwon kwana uku, na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. An ce mai lalurar sana'a tana iya fita da rana, amma danginsa ba su san wannan zancen ba, ni ma ba zan so a gan ni a bakin titi ina faɗa a kan daddawa ba. Allah ya gafarta mini, ranar sadakar bakwai mata na ce mini "ya haƙuri", ina cewa "da godiya", rabin hankalina yana kan wanda zai ɗanɗana miyar Juma'a, ranar kasuwar shanu da ko zama ba ma samu.

Na ƙirƙiro dabara. Kullum da hantsi ɗaya daga cikin matan ta kawo mini miya a kwano, in ɗanɗana, in aika da gyara. Ina kan tabarma, ba kwalli ba turare, ina mulki daga ɗaka: a ƙara kanwa, a rage barkono, wa ya sayo wannan manjan? Kwanaki na tafiya miya na daidaita, har ta kai na rasa abin kushewa. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce ashe ko ina ɗaka ni ce gishirin wurin.

Saura kwana tara in fita, Inna ta zo bayan la'asar. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta yi wa mamaci addu'a, sannan ta gyara mayafi.

"Hajiya, sallama na zo yi miki tun da wuri. Ranar da kika fita takaba, ni kuma ranar zan ajiye aiki."

Na ce, "Lafiya, Inna? Yanzu da hannunku ya faɗa, miya ta fara yin yadda nake so?"

Ta yi 'yar dariya. "Wace miyar? Taki daban muke yi a 'yar tukunya. Ta masu saye ni nake yi yadda na iya, sau ɗaya, ba a sakewa. Kafin azahar an sha an gama. Har benci muka ƙara."

Wato wata huɗu ina gyaran miyar da ba mai shan ta sai ni. Kunya ta rufe ni, nan take ta juye fushi, don ni haka nake. Na ce to in wuri na tafiya lafiya, me zai kore ta?

"Ke," in ji ta, ko murya ba ta ɗaga ba. "Kin ɗauka haƙurinmu ne ya zaunar da mu? Duk ranar da kika wanke mu tas, in kin tafi gida marigayi sai ya biyo ta bayan rumfa ya ba mu haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ya ce halinki ne, cikinki ba mugunta. Sau uku ina ɗaure kayana yana sa ni kwancewa, kuma ya roƙe mu kada ki ji. To yanzu wa zai biyo?"

Ina ta tinƙaho ni na riƙe wuri da harshena, ashe bawan Allah ne ke bin bayana yana ɗinke abin da na yaga, ya dawo gida ya ci tuwona ya ce sannu da aiki. Kukan da na yi bayan fitarta ya fi na ranar rasuwa, kuma rabinsa haushin kaina ne.

Ranar da na fita, maimakon in fara da zagayen dangi kamar yadda aka saba, na hau a-daidaita-sahu sai Dagumawa. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, abin da ban taɓa yi ba. Bakin da ya saba da "sake" da "ba haka ba" ya yi mini nauyi kamar dutsen niƙa. Da ƙyar na ce ta yafe mini, madafa tata ce, ba zan ƙara sa baki ba.

"Za ki iya?"

"Ban sani ba, Inna. Amma in na kasa, ni zan zo in ba ki haƙuri. Ba ni da wani kuma."

Ta ce, "Gobe in kin zo, ki zauna a gaba wajen masu saye." Ta miƙo mini faifan ta ce in riƙe mata, za ta duba wuta.

Na duba ɓangaren da ta gama tsincewa, sai ga tsakuwa biyu. Maganar ta taho har bakina. Na haɗiye ta, na ɗauke su a hankali na jefar bayan turmi kafin ta dawo.