Shekarar da Aka Ɓoye Iya

Ranar wata Laraba, a ƙarshen kakar 1918, Babanmu ya ɗora Iya, mahaifiyarsa, a kan jaki, ya ce ni da ƙanwata Hassi mu bi ta zuwa bukkar gonarmu da ke bayan Kucheri. Shekarata takwas a lokacin. Wata irin mura ce ta taso daga wajen Gusau tana kayar da mutane, shi kuwa Baba ya auna ta da abin da ya sani: ƙyanda yara take ɗauka, tarin hunturu kuma tsofaffi. Sai ya yanke a ɓoye masu rauni, masu ƙarfi su tsaya jinya da yankan dawa. Tun daga zaure Iya take faɗa, wai ita da ta ci zamaninta ta ci na wasu ita ya kamata a bari, a fitar da Inna mai cikin wata bakwai. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, in na bar ki cikin ciwo na fitar da matata, da wane ido zan dubi mutane?" Magana ta ƙare a nan.

Ba zan yi ƙarya ba, daɗi muka ji a gona. Mu kori tsuntsu daga kan dawa, mu gasa gyaɗa a toka, mu yi 'yar carafke har yatsu su yi ciwo, ba daka ba surfe. Kullum da hantsi Inna takan kawo ƙwaryar fura ta ajiye a gindin tsamiyar bakin gona, ta ja da baya, don Baba ya hana ta matso mu. Takan daɗe a tsaye, hannu ɗaya a ƙugu saboda nauyin ciki, ɗaya tana ɗaga mana. Ni kuwa sarauniyar ci, ƙwaryar nake kallo.

Rana ta tara Baba ne ya kawo furar. Namiji da ƙwarya a hannu! Hassi ta ƙyalƙyale da dariya, Iya ba ta yi ba. Furar duk gudaji, da gani ba damun Inna ba ne. Daga nesa ya ce Inna tana ɗan jin jiki, ya juya yana tari. Bayan kwana biyu ba wanda ya zo. Iya ta jira har azahar, sannan ta ɗauki sandarta ta ce mu tafi gida.

A bakin gari muka tarar da masu furfura suna haƙa kabari, suna yi suna hutawa, don samarin da suka saba haƙawa su ake binnewa. An riga an kai Inna da cikinta. Baba muka samu kwance a zaure, washegari ya cika. Ban yi kuka ba. Iya ta ce in ɗebo ruwa, na ɗebo. Ta ce in hura wuta, na hura. Ita ta yi ta bin gidaje tana jinya tana wankan gawar mata, yawanci amare da masu ciki, ko atishawa ba ta yi ba. Dawar shekarar nan yara da tsofaffi muka yanke ta.

Iya ta rayu har ta goya ɗana na fari. Duk wanda ya yabi Baba a gabanta da biyayya, sai ta dube shi ta ce, "Ni aka ɓoye, ni da ba a nema."

Yanzu in ciwo ya shigo gari, malaman asibiti kan faɗi wanda ya fi so, a san wanda za a tsare. Na wuce shekarun Iya, kuma da an ji tari a unguwa jikokina sai su kulle ni a ɗaki. Nakan ce su je su duba masu ciki tukuna, su yi dariya su ce tsufa ne. Ba na musu da su. Nakan zauna in nemi fuskar Inna a gindin tsamiyar nan, amma har yau ƙwaryar kaɗai ke zo mini.