Irin da Manaja Attahiru Ya Tafi Karɓowa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina buɗe shago aka bugo mini waya wai Manaja Attahiru ya rasu. Mota ta kaɗe shi a kan mashin a hanyar Maiyama.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne manajan shagonmu na iri da maganin feshi a nan Jega. Ni ne mataimakinsa.

Aiki da shi akwai wuya, wallahi ba zan ɓoye ba. Duk galan ɗin maganin feshi da ya ƙare sai ya huda shi da wuƙa kafin a jefar, don kada wata ta tsinta ta zuba man gyaɗa. Na taɓa ce masa wannan ɓarna ce. Ya harare ni ya ce, "Bashar, ɗiyan wa kaka so su ci?"

Ranar da babana ya yanke jiki ya faɗi, shi ya rufe shago ya kai mu asibiti, kuma bai taɓa tada maganar ba.

Yana da ɗan fangali, wato ɗan filin yafa iri, a bayan shago. Duk buhun irin albasa da ya shigo sai ya ɗibi kaɗan ya yafa a ciki, ya ga yadda ya tsiro, sannan a sayar. Mu yi ta yi masa tsiya, wai manaja ne ko mai lambu?

Bana kaya sun makara, manoma sun matsa mana. Ya yafa gwajinsa, amma Alhaji mai shagon ya ce ba za a jira ba, a sayar ranar kasuwa. Aka sayar.

Fangali ya fito tsilla-tsilla, nan ɗaya can ɗaya. Ashe tsohon iri aka gauraya da sabo. Manomin albasa ya san abin da wannan ke nufi: kafin ka gane iri bai fito ba, lokacin dashe ya wuce ka, noman bana ya tafi.

Jiya da Alhaji ya ji Manaja zai je karɓo irin daga hannun manoma, a gabana ya kira shi daga Aliero. Ina jin muryarsa ta waya: "Attahiru, ka kama bakinka. Wa zai ce daga wurinmu ne?"

Manaja ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Mutanen ga, fuskata sunka gani sunka saye. In korata za ka yi, bari in dawo tukuna."

Ya hau mashin ya zaga Alelu da Birnin Malam gida-gida, yana karɓo ledojin irin da ba a yafa ba. Da yamma ya dawo ko abinci bai ci ba, ya ce mini, "Saura Andarai. Gobe da sassahe, kahin su hita lambu." Na ce in raka shi, ya ce in tsare shago. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Bai kai Andarai ba.

Ɗazu Alhaji ya kira ni ya yi ta'aziyya, sannan ya ce maganar iri a bar ta haka nan. Haba Alhaji! Ko binne mutumin ba a yi ba. Na san wannan rubutun da nake yaɗawa zai iya cin aikina, kuma ina jin tsoro, ina da iyali. Amma bakina ba zai rufu ba.

Jama'a, duk mai ɗan'uwa a Andarai da ya sayi irin albasa a wurinmu ranar kasuwar da ta wuce, mai leda ruwan ɗorawa, don Allah ku kira shi yanzu-yanzu. Kada ya yafa. In ya riga ya yafa, ya nemi wani iri tun da sauran lokaci.

Allah Ya jiƙanka Manaja, Ya haskaka makwancinka, Ya raya abin da ka bari. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, sannan ya ƙarasa masa saƙon nan zuwa Andarai.