Zuwa Doguwa Neman Filashin Ɗin Yaya

Ana idar da sallar asuba muka bar Yako, ni da Inna da Kawu, mu uku a kan babur ɗaya. An tafi da ni ne saboda ni nake karanta wa Inna duk abin da ya fito a waya.

Tun farkon damina Yayana ya bi shanun wani mutum kiwo zuwa gefen dajin Falgore. Ba ya samun katin waya, sai suka shirya da Inna cewa kullum bayan magariba zai hau dutse ya yi mata filashin. In wayar ta yi ƙara sau ɗaya, lafiya ke nan, kada a ɗauka. In sau biyu ne, a kira shi. Sai filashin ya ɗauke, har aka fi wata. In mun kira wayarsa, a ce a kashe take.

A Kwanar Dangora muka shiga ƙaramar bas. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Kawu ya yi ta ciniki har kwandasta ya ce, "Baba, a wannan kuɗin sai dai kan buhu." A kan buhun gawayi kuwa ya zauna da farar rigarsa. Inna ta sayi ƙosai amma ba ta ci ba, man ya ratsa takarda ya taɓa hijabinta, ba ta lura ba.

Wajen Tudun Wada shinkafa ce shanye a bakin titi, mata na korar awaki. Muna shiga daji direba ya kashe rediyo, hira ta mutu. Na leƙa wayar Inna, babu sandar sabis ko ɗaya. Wata tsohuwa kusa da ni ta riƙe hannuna ba tare da ta kalle ni ba, har muka wuce shingen sojoji na ƙarshe.

A Doguwa muka nufi ƙarfen sabis, don maigadin wurin tsohon abokin Kawu ne. Mun tarar da wani injiniya ya buɗe wani akwati mai kama da firji, ya jona kwamfutarsa. Inna ta ce in karanta masa lambar Yaya.

"Mama, lambobi ba a nan suke ba," in ji shi. "Suna babban ofis, kuma sai da takardar 'yan sanda. Wannan na'urar yawan kira take rubutawa, da lokacin da ta mutu, da lokacin da ta tashi."

Ya juyo mana da kwamfutar. Layuka ne tsaye kamar karan masara, sun fi tsawo wajen magariba. Daga nan sai fili, fayau. Ya ce ɓarayi ne suka kwashe batura, duk yankin ya zauna babu sabis.

Inna ta yi hamdala. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin shuka ta yi kai. Ta koma gindin bishiya ta kwance ƙosan nan mai sanyi, har da miƙa wa maigadi.

Ni ban matsa ba. Bayan filin nan layukan sun sake tashi, da yawa. Ba na iya magana da baƙi, amma na tambaya a hankali, "Yaushe aka gyara?"

"Ya fi mako biyu. Yau mai kawai na kawo."

"Sabis ɗin yana kaiwa kan duwatsu?"

"Can ma ya fi ƙarfi." Ya dube ni, ya rufe kwamfutar.

Kawu yana bayana, ya ji. Ya ce wa Inna zai je gaida wani. Na bi shi da ido har ya shiga ofishin 'yan sanda. Ya daɗe. Da ya fito bai kalli kowa ba.

A hanyar dawowa Inna ta yi barci a daji, kanta a kafaɗata. Ni kuwa ina ta tunanin abin da na koyo: na'urar nan ta san duk kiran da aka yi, amma ba ta san komai ba game da wanda ya daina kira.

Mun iso Yako ana kiran magariba. Inna ko hijabi ba ta cire ba ta miƙo mini wayar.

"Ɗora ta a taga, 'yar nan. Tunda yau an gyara, yau zai yi."

Na ɗora. Na ƙara mata ƙara har ƙarshe, na zauna kusa da ita.