Anti Gloria da Waƙar Dawa

Gloria ɗinmu, 'yar Kawu Audu, makogwaro Allah ya ba ta a madadin dukiya. An ce ranar da aka fara kai ta coci a ƙauye, can wajen Kaciya, kukanta sai da ya sa fasto ya manta ayar da yake karantawa. Kakarmu ce ta raine ta, ita ta ɗura mata waƙoƙin gona, ta kuma haɗa mata da doka ɗaya: ba a yi wa abu waƙa sai ya iso. Wanda ya kira ruwa kafin lokacinsa, in ji tsohuwa, korarsa yake yi.

Da wannan dokar Gloria ta zo Kaduna, ta yi shekara ashirin da uku tana koyar da 'yan aji biyu a wata ƙaramar firamare mai zaman kanta a Unguwar Boro. Idan ta ɗaga murya, masu keke a Barnawa har waiwaye suke yi. Yaran da ba su taɓa riƙe fartanya ba, a bakinta suka san shekara. Ranar da ruwan farko ya bugi kwano, sai ta rufe littafin lissafi, ta rera wa ƙwarin nan masu fiffike da ke fitowa da ruwan:

Shinge, shinge, ɗan ruwan fari,
kai ka zo wa fitila, mu mun zo da kwano.

Ta mangwaro daban, ta haƙar citta daban. Ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba. Aure ma ya zo sau biyu, ya tarar tana aji, ya gaji ya koma.

Bara muryar ta fara tsatsa. Likita ya ce wani abu ne ya tsiro a makogwaro, za a yi aiki a watan Agusta, kuma kada ta sa rai muryar za ta dawo. Mai makaranta ya kawo wata sabuwar malama, Becky, ya ce ta zauna da ita zango ɗaya ta kwashi abin da za ta iya.

Becky ta ajiye waya a kan tebur. "Anti, ki rera su duka yau, in ɗauka. Awa ɗaya an gama."

"Ta dawa ma? A watan Mayu?"

"Anti, dawar ba ta da kunne fa."

"Ke ce ba ki da shi. Ko shuka ba a gama ba, kina so in yi mata waƙar girbi. Ki dawo Nuwamba."

"Likita ya ce Agusta."

"Likita ne ke shuka?"

Dangi muka taru a kanta, har Kawu Audu ya rantse zai rera da kansa, shi da muryarsa ke korar awaki. Gloria ta bi dare tana gwadawa a zuci, amma da ta buɗe baki sai ta ga fuskar tsohuwa. Ta ba Becky na bazara da na damina, goma sha ɗaya, ta tsaya a nan.

A Nuwamba, bayan an yi aikin, Becky ta zo gidan Gloria da zangarniyar dawa a leda, ta ɗora mata a cinya. Gloria ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta karɓi biro ta rubuta baitocin, ta yi ta buga hannun kujera da yatsa don ta nuna karin. Becky ta gwada sau shida, kowanne Gloria girgiza kai take yi.

Yanzu 'yan aji biyu suna rera waƙar dawa da karin wata waƙar Sande Sikul, ajin yara na coci. Gidan da Gloria take haya yana bayan katangar makarantar. Idan suka fara, sai ta tashi ta rufe taga.