Ka Ci Tukuna

Duk wanda ya baro ƙauyukanmu na Suhaj ya hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariya neman abin kansa, magana ɗaya ake yi masa a tasha: in ka sauka, ka nemi Abu Wahiba mai kankana a bakin kasuwar 'ya'yan itace. Mu da muka san shi tun daga gida Ammu Dahi muke ce masa, wato Baffa Dahi. Wahiba 'yarsa ce, ita kaɗai Allah ya ba shi, mutanen birni kuwa suka liƙa masa sunanta har nasa na yanka ya ɓace.

Ni ma ta hannunsa na shigo, da guduma da tsohon bargo, ban san kowa ba. Gajere ne mai kaurin wuya, muryarsa ta dushe wajen tallar kankana. Bayan rumfarsa akwai wani ɗaki ƙarƙashin bene, nan muke kwana a jere kamar ashana a kwali, har mutum ya samu inda zai tsaya da ƙafarsa. Shi ke nema mana aiki. Sai ya ce ka buɗe tafin hannunka, ya jujjuya shi, ya ce wannan na dako ne a bakin teku, wannan na gini ne. Da ya kalli nawa cewa ya yi ko ƙwai ba zai fasa ba, amma tunda na ɗauko guduma tun daga Suhaj, kada a kunyata gudumar. Ya kai ni wurin masu shimfiɗa tayil, abin da nake ci da shi ke nan har yau.

Abu ɗaya ne ya saɓa da mu a kai. Mu dai kafin baƙo ya gama sallama an tambaye shi ɗan gidan wa ne, don amsar ce ke nuna inda zai zauna. Ammu Dahi ya hana wannan a ɗakinsa. Sai an ajiye tire, gurasar gida da tsohon cuku da albasa da wake, ya gutsura da hannunsa ya miƙa wa baƙon, ya ce, "Ka ci tukuna." Suna sai bayan shayi. Ya ce shi ranar da ya sauka a birnin nan sai da aka lissafa masa kakanni cikinsa na kuka, ya rantse ba zai yi wa ɗan wani haka ba. Har labarin ya kai ƙauye, mata na dariya a bakin tanda, wai Dahi ya zama ɗan birni, ko Shaiɗan ne ya yi sallama sai ya ci.

Kowa ya san abin da ke bayansa, ba wanda ke ɗaga maganar. Yana saurayi aka harbe wansa Hamam a kan rabon ruwan gona. Shahat na gidan Nafadi ne ya yi, aka ɗaure shi, ya mutu a kurkuku. Matar Shahat ta ɗauki jaririnta ta haye kogi ta koma cikin danginta, ba a ƙara ganinsu ba. Mahaifiyar su Dahi kuwa, Hajja Bahita, ta ƙi karɓar gaisuwa. Haka ake yi: wanda aka kashe ba a kafa masa rumfar makoki, ba a miƙa wa danginsa hannu, sai an ɗauki fansa. Ka ce mata Allah ya jiƙan Hamam, ka zage ta ke nan. Tunda Shahat ya mutu, jinin ya koma kan ɗansa, wanda zai ɗauka kuma Dahi ne. Shi kuwa ya taho birni. Wasu suka ce neman abinci, wasu suka ce gudu. Shekara ashirin da wani abu, duk kwandon tsarabar da ya zo daga gida, da gurasa da man shanu da tantabaru, mai kawowa kan sunkuyar da kai ya ce Hajja ta ce a tambaye shi ko ya manta.

Wata Juma'a, mun dawo daga masallaci an ajiye tire, sai ga wani saurayi dogo siriri da kwali ɗaure da igiya. Ya yi sallama da irin harshenmu, ya tambayi Abu Wahiba. Ammu Dahi ya jawo shi ya zaunar, ya gutsuri gurasa ya dangwala a cuku ya ba shi. Yaron ya ci kamar ana korarsa, ko ɗaga kai bai yi ba. Har na tsokane shi, na ce a hankali, tiren ba jirgi ba ne, ba zai tashi ya bar ka ba. Ko murmushi bai yi ba.

Da aka sha shayi, Ammu Dahi ya jingina da bango ya ce to, yanzu ɗan gidan wa?

"Sunana Rifa'i," in ji shi, "ɗan Shahat na gidan Nafadi."

Mu goma sha wani abu ne a ɗakin, ba wanda ya motsa. Yaron ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai gane komai ba. Halaf, ɗan baffan Ammu Dahi, shi ya fara farfaɗowa. Ya miƙa hannu zai ɗauki wuƙar kankana da ke gefen tire, Ammu Dahi ya ɗora ƙafa a kanta. Fuskar Ammu Dahi ta yi fari fat. Ya tambayi yaron wa ya aiko shi nan.

"Mahaifiyata. Ta ce in nemi Abu Wahiba, kuma kada in buɗe baki sai na ci."

Nan ne na gane. Ashe matar nan ta sani. Ta san ko Abu Wahiba wane ne, ta san dokar tirensa. Ɗa ɗaya gare ta, ta ɓoye shi har ya girma, gona ta kasa riƙe su, dole ya fita, kuma duk inda ya je cikin mutanenmu za a gane shi. Sai ta rufe ido ta tura shi bakin mutumin da ke nemansa. Ta san wanda ya ci gurasarka da gishirinka hannunka ba ya tashi a kansa. Ko shi yaron ba ta gaya masa ba, don da ya sani loma ba za ta wuce masa ba.

Ammu Dahi ya gaya masa ko shi wane ne. Rifa'i ya yunƙura zai tashi, sai kuma ya koma ya zauna yana kallon ƙofa. Halaf kuwa ya dinga kumfar baki, wai wannan yaudara ce, gurasar da aka ci da zamba ba ta ɗaure kowa, mace ta yi wasa da hankalin maza. Wasu suka goyi bayansa.

"Ba sata ya yi ba," in ji Ammu Dahi. "Da hannuna na miƙa masa, kuna kallo."

Sai ya juya ya ce wa yaron ya buɗe tafin hannunsa. Muka yi tsuru-tsuru muna kallo yana jujjuya hannun ɗan wanda ya kashe wansa, yana taɓa kantar da ke jiki. Ya ce wannan na tayil ne, gobe ya bi Abul-Wafa. Ni ke nan! Na ce Ammu, ni me na yi maka? Ina da 'ya'ya. In aka zo harbinsa ai harsashi bai san mai gida da yaronsa ba. Ya ce shi ya kai ni wurin aikin, ko na manta? Na haƙura, amma ranar na zage shi a zuci, ba zan ɓoye ba.

Halaf ya hau jirgin yamma. Rabin mutanen ɗakin suka naɗe tabarminsu, suka ce ba sa kwana da ɗan Nafadi. Rifa'i ya ci gaba da bi na wurin aiki, ba ya magana, ko buta ce ta faɗi sai ya zabura. Aikinsa dai ba laifi, wannan kam zan ba shi.

Ba a daɗe ba kwando ya iso daga gida. Wannan karon ba gurasa, ba tantabaru. Riga ce a ciki, naɗe cikin baƙin mayafi, rigar da aka harbe Hamam da ita. Jinin ya bushe ya yi baƙi ya ƙame kamar fata. Duk shekarun nan tana cikin akwatin Hajja. Mai kawowa bai zo da saƙon baki ba, rigar ce saƙon.

Ammu Dahi ya daɗe riƙe da ita. Ya kai ta hancinsa. Sannan ya ɗauki bokiti da sabulu ya nufi famfon kasuwa, da rana tsaka, gaban kowa. Matarsa ta biyo shi tana roƙo, ta ce ya yi wa Allah ya ajiye, ko ba zai yi abin da ake so ba kada ya taɓa ta. Bai ko waiwaya ba. Ya tsuguna ya dinga cuɗawa, ruwa na gangarawa ja-ja a kwata, mutanen birni na wucewa suna zaton kankana ce ta fashe. Mu da muka san mene ne, wasunmu suka kau da kai. Ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya shanya ta a igiyar rumfa, ta bushe, ya ninke, ya mayar cikin kwandon, ya ɗora lemo da maganin ciwon gwiwar Hajja a kai, ya ce a kai mata, a ce yana gaishe ta.

Babbar Sallah ta matso, na tafi gida ganin iyali. Tun daga titi na jiyo karatun Alƙur'ani a lasifika, na hango rumfar makoki a ƙofar gidan su Ammu Dahi, babba, da kujeru har bakin gona. Na ce a raina shi ke nan tsohuwa ta cika da baƙin ciki. Na tare wani ɗan'uwana na tambaye shi. Ya ce Hajja na nan daram, ita ce ma ta sa aka yanka maraƙi. Gaisuwar 'ya'yanta take karɓa.

Na ce 'ya'yanta?

Ya ce duka biyun.

Ban yarda ba sai da na ji da kunnena. Mai karatu ya kai aya, aka yi addu'a, aka ambaci Hamam, aka ambaci Dahi. Halaf da baffanninsa na tsaye a layi, mutane na bi suna miƙa hannu, mutanen da Ammu Dahi ya ciyar da 'ya'yansu, wasu ma su da kansu suka kwana a ɗakin nan. Kuma kowa ya san ma'anar abin. Wanda aka karɓi gaisuwarsa ba ya dawowa. Ba gona, ba gida, ba kabari kusa da na ubansa.

Na kutsa cikin gida, don tun ina yaro nake shiga. Na same ta zaune cikin mata, 'yar ƙanƙanuwa, rigar Hamam fara tas a cinyarta. Na durƙusa na ce Hajja, jiya-jiyan nan na baro shi yana sayar da kankana, lafiyarsa ƙalau. Ta kalle ni, idonta a bushe.

"Wanda ka baro ban san shi ba, ɗana. Ka yi mini gaisuwa ko ka ba ni wuri."

Na ba ta wuri. Sallar nan ko naman ban ci ba.

Duk tsawon hanyar dawowa ina ta juya yadda zan gaya masa. Na same shi a rumfa yana jera kankana. Da ganin fuskata ya sallami mai ciniki, ya jawo akwati ya zauna, ya ce in faɗa masa duka, kada in rage. Na faɗa, da rumfar, da maraƙin, da layin, da abin da ta ce mini. Yana ji yana gyaɗa kai. Na yi zaton zai tambayi gonar, ko wa da wa suka je. Sai ya tambaye ni ko na tabbata an ambaci Hamam.

Na ce da sunansa aka fara.

Sai ya miƙe tsaye, ya gyara rawaninsa, ya goge hannunsa a jikin riga, ya miƙo mini.

"To, ka yi mini gaisuwar ɗan'uwana, Abul-Wafa. Ba wanda ya taɓa yi mini."

Na kama hannun. Kalmar da muke faɗa wa mai makoki ita ce, Allah ya ɗora sauran kwanan mamacin a kan naka. Sau nawa na faɗe ta a rayuwata ban taɓa sauraronta ba, sai yau da zan faɗa wa mutumin da uwarsa ta riga ta binne. Da ƙyar ta fito. Ya riƙe hannuna gam a tsakiyar kasuwa, ya fashe da kuka kamar yanzu aka zo masa da labarin an harbe Hamam.