Ƙafar Hagu ta Habu

Har gobe ban manta da ranar Asabar ɗin da muka taso daga Paris zuwa Lyon ba, ni da Habu mu biyu a gaban kamiyo, wato babbar motar kaya. Watan Nuwamba ne, yau shekara shida ke nan. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun san Habu a matsayin malamin kiɗa a Bron, gefen Lyon, mai furfura a gemu. Ni na san shi tun yana kan ganiyarsa, lokacin da zaure ke cika don a ga ƙafafunsa.

Sunana Sanusi, mutumin Damagaram ne. Da tuƙi na fara, ina kai wa mawaƙa kayansu gari gari. Da yau da gobe hannuna ya faɗa a kan ganguna, har ƙungiyar su Habu ta ɗauke ni mai kula da gangunansa. Kafin ranar nan, shekara goma sha ɗaya na yi a bayansa. Ga wanda bai san tsarin ba, a kowace tafiya akwai shugabar tafiya, tamu sunanta Madam Nadine, ita ke ɗauka ita ke sallama. Sai mai sauti, sai mu masu kula da kaya. Mu ne farkon shiga zaure, mu ne ƙarshen fita. Ƙarfe biyu a sauke kaya, in shimfiɗa darduma mai alamomin da na zana, in dasa kowace ganga a gurbinta, in ɗaure fata. Ƙarfe huɗu a yi abin da ake kira balans, wato gwajin sauti kafin a buɗe wa jama'a ƙofa.

Kiɗan nasu shi ake kira thrash metal. Wanda bai saba ba, in ya ji, cewa zai yi faɗa ya kaure a maƙera. Ni ma haka na ɗauka da farko. Sai da na zauna a bayan makaɗi na gane cewa a cikin hayaniyar nan komai a ƙidaye yake, kuma duk nauyin a kan mai ganga yake. Akwai manyan ganguna biyu a ƙasa, kowace da fedarta, ƙafar dama da ta hagu na buga su bi da bi kamar ƙanƙara a kan rufin kwano. In ƙafa ɗaya ta makara da ƙiftawar ido, masu gita sun rasa wurin taka.

Habu a Bron aka haife shi, mahaifinsa ɗan Maradi ne mai sayar da yadi. Abubakar ne sunansa, turawa na ce masa Buba. Yana da shekara goma sha biyar ya fara bugu a ɗakin ƙasa na gidan matasan unguwarsu, tare da abokinsa Franck, mai gita, wanda daga baya ya zama jagoran ƙungiyar. Ya ba ni labarin yadda yake zuwa dakon kaya a kasuwa da asuba, da yamma ya ɗaura ƙarfe a idon sawu ya yi ta motsa ƙafa har sai ta mutu. Lokacin da abin nan ya faru yana da shekara arba'in da huɗu. Kawu yake ce mini, kuma duk inda muka sauka, kafin kowa ya ga fuskarsa sai ya zo ya sha shayina.

Matsalar ta fara ne a garuruwan da muka bi kafin Paris. A waƙarsu mafi sauri, gangar hagu ta fara makara. Bayan wasa Habu ya ce mini fedar hagu ta yi nauyi. Na kwance ta, na wanke, na sa mai, na canza ƙarfen da ke dawo da ita. Kashegari ya ce har yanzu. Madam Nadine ta sa aka kawo sabuwa fil. Ya ce ita ma ban daidaita ta ba.

Ranar Juma'a a Paris, ana cikin balans, ya jefar da sanduna ya ɗaga murya a gaban kowa, da Faransanci ma, ba da Hausar da muka saba ba. "Sau nawa zan faɗa? Aikin nan ɗaya ne aka ba ka!"

A shekara goma sha ɗaya bai taɓa yi mini haka ba. Na sunkuya na ci gaba da taɓa feda, kunnuwana na zafi. Ina jin Franck yana gaya wa Madam Nadine cewa in tsohon ya gaji a nemo wani.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, kafin a fara wasan ranar na musanya fedojin. Na mayar da ta dama hagu, ta hagu dama. In laifin feda ne, makarar za ta koma dama. Aka yi wasa, makara na nan a hagu inda take. Da na zo naɗe kaya na haska fatun gangunan biyu, waɗanda rana ɗaya na ɗaura su. Ta dama ta lotsa inda kan feda ke dukanta. Ta hagu kuwa kamar jiya aka sa ta.

Da safiyar Asabar muna loda kaya, Madam Nadine ta ja ni gefe. Mace ce mai gaskiya, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta ce, "Sanusi, ina ganin girmanka. Amma in aka sake samun wannan a Lyon, dole in kawo wani ya ƙarasa tafiyar." Na ce na ji. Ina rufe bayan kamiyo sai ga Habu da jakarsa. Shi da kullum a ƙaramar motar mawaƙa yake tafiya, ya buɗe ƙofa ya hau kusa da ni.

Bayan mun wuce garin Auxerre na ratse a wurin hutawa, na kashe mota, na zuba mana shayi.

Na ce, "Habu, jiya na musanya fedojin."

Ya riƙe kofi yana kallon gilashi. Can ya ce, "Na sani, Kawu. Tun bugun farko ƙafar dama ta gaya mini."

Ya ajiye kofin, ya kwance takalmin hagu, ya cire safa. Ya fara buga ƙasan mota a hankali, ƙafa na tafiya lafiya lau. Ya ƙara sauri kaɗan, tana nan. Da ya kai saurin waƙar nan, sai na ga yatsun sun nannaɗe sun shige ciki, idon sawun ya sandare, kamar ƙafar wani ce aka liƙa masa. Ya sa hannu biyu ya miƙe yatsun.

Ya ce, "Wata bakwai ke nan. Ina tafiya lafiya, ina hawa bene lafiya, ba ciwo ko kaɗan. Sai na zauna gaban ganga. Ko Hadiza ban gaya wa ba." Hadiza matarsa ce. "Kawu, ban iya komai ba a duniya sai wannan. Ban gama lise ba, ko takardar sakandare ba ni da ita. Tsohona ya rasu yana cewa wasa nake. In Franck ya ji, c'est fini, tawa ta ƙare."

Sai ya roƙe ni. Wasa huɗu ya rage a tafiyar. In daure in ɗauki laifin, in an gama zai nemi likita a ɓoye, kuma zai san yadda zai yi a mayar da ni.

Gaskiya raina ya ɓaci, don ina da iyali, kuma a sana'ar nan in an ce hannunka ya lalace, labarin ya riga ka zuwa ko'ina. Amma mutumin da ke gabana da ƙafa tsirara, tsoro ne ya cika shi. Na ce, "Ɗana, in an kore ni, tuƙi bai ƙare a Faransa ba. Amma wanda za a kawo, kwana biyu ya ishe shi ya ga abin da na gani, kuma shi bai sha shayi da kai ba. Ni ba zan faɗa ba, maganar bakinka ce. Sai dai ka sani, in an tambaye ni feda, ba zan ce ta lalace ba."

Ya mayar da takalminsa. Na tayar da mota muka nufi Lyon.

Ƙarfe biyu muka sauke kaya, na haɗa komai yadda na saba. Madam Nadine ta leƙo ta ce, "An gyara?" Na ce, "Madam, feda lafiyarta ƙalau." Ta dube ni ta ɗan jima, ta wuce.

Ƙarfe huɗu aka fara balans. Zaure ba kowa sai mu da masu jera shinge. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Franck ya ce a gwada mai saurin. Ba a yi rabin minti ba gangar hagu ta fara ɗingishi. Franck ya tsayar da kiɗa, ya juyo kaina kai tsaye, fuskarsa ja. Ya ce, "Ça suffit! Ya isa haka! Nadine, yau ɗin nan nake son wani."

Na miƙe tsaye, na riga na sa a raina cewa shi ke nan. Sai na ji Habu ya ajiye sanduna a kan ƙaramar ganga, a hankali wannan karon.

Ya ce, "Franck, ka bar Kawu. Ba shi ba ne. Ƙafata ce."

Ya faɗa musu duka, yana zaune a kujerarsa, bai ɗaga kai ba. Da ya gama, mai sauti ya kashe na'ura, har ƙarar fankar fitilu muna ji. Franck ya zage shi, zagi sosai. Ya ce shekara talatin suna tare, tun suna satar shiga bas, amma ya rasa wanda zai ɓoye wa sai shi. Daga nan ya cire gitarsa, ya zo ya zauna a bakin dakalin ganga, ya dafa gwiwar Habu.

Madam Nadine ce ta dawo da mu hayyacinmu. Ta ce saura awa uku a buɗe ƙofa, ko a soke wasa ko a san abin yi. Na nemi izinin magana, abin da ba a saba ji daga mai kula da kaya ba. Na tuna musu cewa waƙoƙinsu na farko da ganga ɗaya aka yi su, lokacin da Habu bai mallaki ta biyu ba, kuma ƙafarsa ta dama har yanzu ba ta da na biyu. Suka zauna a ƙasa da takarda, suka cire waƙa huɗu, suka dawo da tsofaffi uku da suka yi shekaru ba su taɓa ba. Na tambayi Habu ko in bar gangar hagu a wurinta don idon jama'a, ko da ba zai taɓa ta ba.

Ya dube ta, ya ce, "Cire ta, Kawu."

Na cire ta da hannuna na mayar cikin akwatinta. A duk shekarun da na yi ina ɗaga ƙarfe, ban taɓa ɗaukar abin da ya yi mini nauyi kamar gangar nan ba.

An yi wasa. Ba zan ce muku kowa ya ji daɗi ba. Masu son kiɗan nan sun san abinsu, tun kafin a fara suka ga ganga ɗaya ce. Wasu suka yi ta kiran sunan waƙa mai saurin, wasu suka yi fito. Franck ya matsa gaban makirfo ya ce ɗan'uwansa ba shi da lafiya a ƙafa, kuma ya zaɓi ya buga musu da ɗaya maimakon ya mayar da su gida. Nan Lyon ce, garinsa, akwai waɗanda suka san shi tun ɗakin ƙasa. Suka ɗauki sunansa, Buba, Buba, har sai da ya ɗaga sanda ya ƙirga musu huɗu, kiɗa ya tashi.

Sauran wasa ukun wani makaɗi ne ya ƙarasa, Habu da kansa ya zaɓo shi. Likita a Lyon ya ce irin wannan na samun makaɗan da suka yi shekaru suna maimaita motsi ɗaya, ƙwaƙwalwa da ƙafa su daina jituwa a kan wannan motsin kaɗai. Ya yi shekara guda yana koyon taka feda daga farko, a hankali kamar mai koyon tafiya. Ƙafar ta dawo, amma ba duka ba. Ya ƙara shekara biyu da ƙungiyar, suka rubuta waƙoƙi daidai da abin da zai iya, sannan ya sauka da kansa ya buɗe ajinsa.

Mako biyu bayan Lyon suka zo gidana a Paris shi da Hadiza. Bayan an gaisa ya sauka daga kujera ya durƙusa a gaban maiɗakina da 'ya'yana, ya ce, "Kawu, na ci mutuncinka a gaban mutane. Ka yafe mini." Na ce ya tashi, tun a hanyar Auxerre na yafe.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Makaɗin irin wannan kiɗa da jikinsa yake ci, kuma jiki ba ya yin sallama in zai tafi. Ranar da ya fara jin alamar haka, ku ne mafi kusa da shi, don haka a kanku tsoron zai fara sauka, kuma da siffar faɗa zai zo. In makaɗi ya ce kaya sun lalace, ku yarda da shi, ku bincika har ƙarshe, kada ku yi gardama. In ya faɗa sau uku kuma kun tabbata kaya lafiya suke, to ku ajiye sukudireba. Ƙarfe ana gyara shi a gaban kowa, amma mutum sai an ja shi gefe, inda zai iya faɗin abin da ke damunsa ba tare da ya zubar da girmansa ba.