Sallau da Rafin da Ya Ƙi Buɗewa

Da ya idar da sallar asuba, Sallau Sarkin Ruwa yakan bi bakin rafin Tungar Kabo, a kurmin da ke kusa da Gaya, ya tsuguna ya duba ko kifi ya taso matacce. Shekara tara ke nan yana wannan sintiri.

Mafarin abin, wata damina kamyo, babbar motar kaya, ɗauke da garin uraniyom, daga arewa zuwa Kwatano, ya kife a kan gada, tano biyu, gangunan garin, suka fashe cikin ruwa. Soja suka kwashe ragowar, kumandan ya ce ba abin da ya faru, mai musu kuma kaso na jiransa. Amma direban, ana cikin ɗaure masa karaya, ya riƙo hannun Sallau ya ce, "Baba, garin nan guba ne. Kada ya shiga cikin yaro."

A al'adarmu ba mai jefa homa ranar su, wato kamun kifi, sai Sarkin Ruwa ya buɗe rafi. A shekarar, gero bai yi ba, kowa ya zuba wa kifi ido. Sallau ya ce bai buɗewa. Dalili? Shiru. Ƙanwarsa Aisata ta tare shi a ƙofar gida.

"Yaya, 'ya'yana tuwo suke ci da miya lami, kifi na wasa a gabanmu. Me muka yi maka?"

"Ki yi haƙuri," ya ce, ya wuce.

Aka ce ya jinginar da rafin ga aljannu. Wasu suka daina gaishe shi. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kai ne, Sallau, ka haƙa mana rijiya can kan tudu da hannunka. Kai ne kake bin Fulani kana roƙonsu su kai shanu wani mashayi, suna yi maka dariya. Mun zage ka, yau kunya ta ishe mu. Allah ya saka, ya ba masu riƙon amana irin zuciyarka.

Bana gwiwa ta gaza, Sallau ya miƙa sarautar ga Hama, ɗan Aisata, ya kuma fasa ƙwan a bainar jama'a. Har yau ba wanda ya zo da na'ura ya gwada ruwan. Hama ya tambaye shi, "Kawu, in kuma lafiya lau yake, ka hana mu a banza?"

Tsohon ya ce:

"Mai yiwuwa ne. Amma ban binne ɗan kowa ba."